Kusurwar da Ba a Yi wa Fenti Ba

Kafintoci dai an san halinsu: ka kai aiki yau a ce ka dawo gobe, goben nan kuwa kana iya yin furfura kana jiranta. Amma akwai wani guda da ya fita zakka. Shekara talatin da ɗaya yana shago ɗaya a layin masu sana'a, kuma in ya ce maka Alhamis, to ranar Alhamis ka taho da mai ɗaukar kaya. Ba shi da mota, gidansa ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida, hannunsa na hagu ma yatsa huɗu ne da rabi tun wani tsautsayi da zarto ya yi masa. Abin taƙamarsa a duniya guda ne: in ya faɗi magana ba a neman shaida.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da na wani mai walda. Mai waldan yana kiransa Gara, wai kullum cikin cin katako yake, shi kuma ya rama da kiransa Tsatsa. Sunayen suka bi su har mutanen layin suka manta da na gaskiyar. Kullum da hantsi suna benci ɗaya suna shan shayi suna yi wa juna tsiya, kowa na cewa sana'ar ɗan'uwansa ta ragwaye ce.

Wata Talata da rana sun fita cin abinci, wayar lantarki ta yi tartsatsi a cikin silin. Shagon kafinta kuwa ai abincin wuta ne: garin katako a ƙasa, gwangwanayen fenti a kan kanta, soso da yadi jibge a lungu. Kafin motar kashe gobara ta samu hanyar shigowa layin, shagunan biyu sun zama toka.

Gara ya yi ta maza. Ya ga injin yankansa ya lanƙwashe, ya wuce gaba. Ya ga gadaje biyu da ya gama sun koma gawayi, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai da ya tona tokar kusurwar baya, ya ci karo da wasu ƙarafan sifirin guda huɗu, sannan dauriyarsa ta ƙare. Abin da ya rage ke nan na kujerar wata tsohuwa. Kujerar marigayin mijinta ce, ta kawo a gyara mata ƙafa ɗaya, ta yi ta jaddada masa cewa ba ta da wani abu nasa sai ita, shi kuma ya ce ta kwantar da hankalinta ta dawo jibi. Ya zauna dirshan cikin tokar da ƙarafan a hannu, ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Tsatsa ya bar nasa shagon yana hayaƙi, ya zo ya durƙusa ya rungume shi.

A daidai nan autarsa ta iso. Auta shekararta ashirin da shida, tana sayar da jakunkuna da takalman mata ta waya, kuma tana son ubanta tsakani da Allah, kar a ce ba a faɗa ba. Sai dai hannun 'yan yanzu yana riga zuciyarsu isa aljihu. Tana hawaye tana ɗauka. Da yamma ta ɗora bidiyon a shafinta, ta rubuta labarin kujerar a ƙasa. Tsatsa hannunsa ɗaya kawai ya fito a bidiyon, an datse sauran.

Ba a yi kwana biyu ba bidiyon ya karaɗe ko'ina. Mutanen da ba su san ta ina ake riƙe guduma ba suna ta rubuta, "Baba share hawayenka, muna tare da kai." Taimako ya yi ta kwarara. Wani ya aiko da katako mota guda, wata ta saya masa sabon inji, wasu matasa suka zo ɗora rufi, kowace ƙusa sai an yi hoto da ita kafin a buga. Gara ya yi godiya har bakinsa ya gaji. Ya ce wa Auta ta ɗauki Tsatsa shi ma, tunda asararsu ɗaya.

Tsatsa ya ce, "A'a 'yata, ki rufa mini asiri. Ni fuskata ba ta waya ba ce. In na yi kuka ma dariya za a yi."

Ya karɓi kwanon rufin da Gara ya tura masa, ya gyara shagonsa sannu a hankali, ba wanda ya ji labari.

Cikin wata biyu shagon Gara ya tashi, ya ma fi na da. An yi masa farin fenti, saura kusurwar baya kawai. Gara ya sa sabuwar riga, ya tsaya gaban injin bakinsa har kunne, ya ce Auta ta ɗauka a nuna wa mutane alherinsu bai faɗi ƙasa banza ba. Ta ɗauka ta ɗora. Bayan kwana uku ta shigo shagon fuska a yamutse.

"Baba, ba wanda ya kalla."

"To ai mun dai gode musu, shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba ne. In shafi ya yi sanyi ba a nuna wa kowa shi. In ba a nuna shi ba, ba mai yin oda. Mutanen nan fa ba gado suke saya ba, Baba, kai suke saya. Kai ɗin ma na cikin toka."

Maganar ta yi masa ɗaci, amma bai samu ta inda zai ƙaryata ta ba. Tun kafin gobarar masu tako ƙafa su zo layin neman kafinta sun ragu, kowa a waya yake zaɓen gadonsa yana kwance. Duk aikin da ke shagon a lokacin ta shafin Auta ya shigo.

Washegari mai fenti ya zo ƙarasa kusurwar baya, Auta ta tare shi ta ce ya bar nan. Haka kusurwar ta zauna da baƙin bangonta da guntayen katako ƙonannu, da toka a buhu, a zuba in za a ɗauka, a kwashe in an gama. Rigar da Gara ya sa ranar gobarar ita ma ta samu aiki. Matarsa ta riga ta wanke ta fes, Auta ta zauna a tsakar gida tana goga mata gawayi.

Uwar ta ce, "Ni dai tunda nake ban taɓa ganin inda ake mayar wa riga da dattinta ba. Malam, har da kai a wannan?"

Ya ce, "Ai ba ƙarya za mu yi ba. Gobarar dai an yi ta."

Ta ce, "An yi ta, an kuma kashe ta."

Da farko abin da sauƙi. Duk Asabar ya zauna a kusurwar ya ba da labarin wani abu da ya ƙone, kuma duk gaskiya ne. Shafin ya farfaɗo, oda ta dawo. Sai Auta ta fara cewa idonsa ya bushe da yawa, ya tuna kujerar. Ya tuna, ƙwalla ta zo sau ɗaya, ta zo sau biyu, a na uku ta ce ba da ita ba. To ina za ta fito? Tsohuwar ta daɗe da yafe masa, har ta karɓi sabuwar kujerar da ya yi mata ta sa masa albarka. Ran nan Auta ta ciro 'yar kwalbar man zafi daga jaka, ta ajiye kusa da shi. Ya daɗe yana kallon kwalbar. Ya tuna katakon da ke jingine na jiran aiki, ya tuna ba wanda ya leƙo layin yau, ya lakata ya shafa ƙarƙashin ido.

Kunya ta kama shi ranar har ya kasa cin abinci. Asabar ta biyu ya ci rabi. Daga ta huɗu kuwa da kansa yake tambaya ko an zo da kwalbar. Abin da bai saba da shi ba guda ne, kar Tsatsa ya gani, don haka yake rufe ƙofar shago kafin a fara.

Wata rana Tsatsa ya ƙwanƙwasa bangon ya ce, "Gara, yau ma akwai zaman makoki ne, ko in kawo shayi?"

Gara ya yi dariyar yaƙe, ya ce yana da aiki. Daga ranar shayin hantsi ya fara tsallake kwanaki.

Abin da ya tona musu asiri kuwa aikin hannunsa ne. Wata mata ta yi odar wadirob mai madubi a jikin ƙofa. Ya gama shi ranar Juma'a, ya jingina shi kusa da kusurwar, saura maƙalin da zai riƙe ƙofar bai sa ba, ya bari sai safe. Da safen Auta ta zo tana sauri, suka zuba toka, ya sa riga, ya zauna. Ana cikin ɗauka ƙofar wadirob ɗin ta buɗe da kanta a hankali, ta tsaya a karkace a bayansa. Shi ya ba ƙofar baya, Auta kuma idonta na kan fuskarsa. Ta ɗora bidiyon ba ta ko sake duba gefen ba.

Masu kallo kuwa ba su da aikin da ya wuce duba gefe. A cikin madubin ga farin bango tas, ga sabon inji yana ƙyalli, ga gadaje uku a jere, ga buhun toka a buɗe, ga kwalbar man zafi a kan benci ba murfi. Wani ya zagaye kwalbar da jan layi ya yaɗa. Kafin la'asar hoton ya fi bidiyon kukan farko nisa.

Waɗanda suka kira shi Baba jiya su ne suka fara kiransa tsohon banza. Masu oda suka janye ɗaya bayan ɗaya, har da mai wadirob ɗin. Wasu suka ce gobarar ma ba a yi ta ba, wasu suka ce an yi amma kukan shiri ne tun ranar farko. Wani mai shafin barkwanci ya shafa man zafi yana kwaikwayon kukansa, ya samu mabiya fiye da wanda Auta ta tara a wata shida. Gara ya ji zafin wannan duka, amma ya ce nasa ne, shi ya lakata da yatsansa.

Sai taron ya juya kan Auta. Aka ce ita ce shegiyar, ta mai da ubanta jari, ta sa tsoho kuka don ta sayar da jaka. Aka samo lambarta aka baza. Aka samo hotunanta aka yi musu abin da ba ya faɗuwa. Wani ya ɗauki hoton ƙofar gidansu ya rubuta cewa ya san inda take kwana. Ta rufe shafin jakunkunanta, ta shige ɗaki ta daina fitowa. Uwar tana kai mata abinci tana dawowa da shi. Kwana tara a haka. Gara ya leƙa ta ranar ta tara, ya same ta zaune a ƙasa tsakanin kwalayen takalma, ta rame, wayar na hannunta tana karanta zagin ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda.

Ya ce, "Auta, ajiye wayar nan."

Ta ce, "In na ajiye ma ina jin su, Baba."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ranar gobara.

Ashe har gyaran suna ya zama sana'a. Wata ƙawar Auta ta haɗa su da wani mutum da aikinsa ke nan, wanda duk duniya ta yi wa ca a intanet ya je gare shi ya koya masa yadda ake ba da haƙuri. Ya zo gidan da rana, ƙamshin turare na binsa, ya zauna a kujerar da Gara ya yi da hannunsa, ya saurari labarin yana gyaɗa kai.

Gara ya ce, "Ni abin da nake so, in fito in faɗi gaskiya. Gobara gaskiya ce, kukan farko gaskiya ne, na baya ne muka yi kuskure."

Mutumin ya girgiza kai. "Baba, wannan rabin amsa laifi ne, shi ya fi komai tunzura su. Ka ce na farko gaskiya ne, za su yi wata guda suna tsaga bidiyon suna musu, kuma duk musun a kan 'yarka zai ƙare, don ita ta ɗauka. Mutanen nan ba gaskiya suke nema ba, mai laifi guda suke nema wanda zai durƙusa. Ka ce duk shiri ne tun ranar farko, kai ka tsara, kai ka tilasta mata. Kwana uku sun gaji sun koma kan wani."

"In yi ƙarya ke nan don a yarda da ni."

"Ka kira shi yadda kake so. Kuma ka rantse a ciki. In ba rantsuwa za su ce lauya ne ya rubuta maka."

Matar Gara da ke bakin ƙofa ta ce, "Malam, kar ka yi."

Gara ya dubi ƙofar ɗakin Auta, a rufe take yadda ta wuni. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa rantsuwa a kan ciniki ba, don bai taɓa buƙata ba. Kukan nan na ranar gobara kuma shi ne abu guda mai tsabta da ya rage masa a duk wannan ƙazantar. Ya san haka sarai, ba wanda ya yaudare shi. Ya ce a kawo waya.

Mutumin da kansa ya ɗauka, a tsakar gida, jikin bango marar komai. Sau huɗu ana sakewa, don duk sanda Gara ya iso wajen rantsuwar sai harshensa ya yi nauyi. A na biyar ya faɗa tiryan-tiryan: gobara ta faru, amma shi ya hango riba a ciki, shi ya ce wa 'yarsa ta ɗauka, kukan ranar farko ma na shiri ne, yarinyar ba ta da laifi sai bin umarnin uba. Ya rufe da wallahi. Idonsa a bushe ƙamas, mutumin ya ce hakan ya fi.

Kuma abin takaicin, ya yi aiki. Aka zage shi kwana biyu zagi na ƙare dangi, wasu suka fara tausayin Auta, wasu ma har suna neman ta yafe musu. A rana ta huɗu wata mawaƙiya ta mari direbanta a gaban kyamara, duk taron ya kwasa ya koma can. Auta ta fito tsakar gida, ta ci abinci. Ta durƙusa gabansa tana kuka tana cewa ya yafe mata, ya dafa kanta ya ce ba komai. Bayan mako biyu ta buɗe sabon shafi da wani suna, ta ci gaba da sayar da jakunkunanta.

Gara ya koma shago ranar Litinin. Ba oda, ba mai leƙowa. Ya share ƙasa, ya shafa wa injin mai, ya zauna. Yana jin ƙarar walda ta bayan bango, yana so ya leƙa yana jin nauyi. Ya gaya wa kansa cewa duk duniya ta ɗauke shi maƙaryaci ba komai, ai ba su san shi ba. Akwai mutum guda da yake wurin ranar, wanda ba sai an yi masa bayani ba.

Da hantsi ƙarar ta tsaya. Tsatsa ya shigo, gilashin walda a goshi, hannu ba shayi. Shi ba ma'abocin shafuka ba ne, wayarsa ma ta kira ce kawai, amma wani mai gyaran ƙofa ya nuna masa bidiyon tun makon jiya. Bai zauna ba.

Ya ce, "Na ga abin da ka faɗa."

Gara ya miƙe. "Zauna mana in gaya maka yadda aka yi."

"Na Asabar-Asabar ɗin nan na sani, ina jin ku ta bango, ban ce komai ba. Na ce yunwa ce, kowa da yadda take kama shi." Ya goge hannunsa a jikin wando. "Amma ranar gobara ni na riƙe ka. Shagona na hayaƙi, na bar shi na zo na riƙe ka. Kafaɗar rigata sai da ta jiƙe. Na koma gida na ce wa iyalina yau na ga abin da ya fi asarata ciwo. Wannan ɗin ma shiri ne?"

"Haba Tsatsa. Kai ma ka san ba shiri ba ne. Yarinyar nan za su kashe mini, shi ya sa na ɗauka a kaina. Wani ne ya tsara mini abin da zan faɗa."

"Wani ya tsara maka."

"Na bidiyon nake nufi, ba na ranar ba. Na ranar gaskiya ne. Wallahi gaskiya ne."

Tsatsa ya daɗe yana kallonsa. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Kallo ne na mutumin da yake so ya yarda da dukan zuciyarsa, ya lalubi inda zai kama ya rasa.

Ya ce, "A can ma ka ce wallahi."

Ya sauke gilashin kan idonsa ya fita. Gara ya biyo shi har bakin ƙofa, baki a buɗe, yana neman wata kalma da ta fi wannan nauyi wadda zai faɗa a yarda da shi. Ya duba duk abin da ya sani, babu. Can ƙarar walda ta ci gaba a bayan bango.